Mai Sikeli da Nauyin 'Yarsa

Ɗan ƙanwata ne, Kawu yake ce mini tun bakinsa bai gama buɗewa ba. Yau ya haura arba'in, kuma duk layinmu ba mai kiransa da wani suna sai Mai Sikeli, don gyaran sikeli ne sana'arsa. Shagonsa yana manne da gidan da muke zaune, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin tsakar gida. In ka shiga za ka tarar da tebur wanda baƙin mai ya rina, da gwangwanaye cike da noti da sifirin, sai wani akwatin katako inda yake jera duwatsun awo. Kowanne dunƙulen ƙarfe ne, an buga masa lambarsa a ka: na rabin kilo, na kilo ɗaya, na biyu, na biyar. Da su yake gwada duk sikelin da ya gyara kafin ya mayar wa mai shi.

Ba shi da yawan magana. Da ya rasa ubansa yana saurayi sai ya duƙufa a aikin nan, bai sake ɗaga kai ya dubi wata sana'a ba. Masu hatsi da masu kifi duk wurinsa suke zuwa, kuma sun san abu ɗaya da ba ya yi. Akwai yadda ake taɓa sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke cikin sikeli, a sassauta shi kaɗan. In ba komai a kai, allura tana tsaye cif a kan sifili, amma da an ɗora kaya sai ta wuce gaskiya. Mai saye ba zai taɓa ganewa ba. Mai Sikeli ya san wannan sarai, don sau da yawa irin ɓarnar da yake tararwa ke nan in ya buɗe cikin sikeli. Amma bai taɓa yi wa kowa ba.

Mahaucin da ke tsallaken titi ya fi kowa naci.

"Mai Sikeli, ka ɗan shafa masa ciki mana. Giram hamsin kawai, ko kaza ba za ta lura ba."

"Ni zan lura."

"Kai da ko ƙashi ba ka taɓa saye a wurina ba, ina ruwanka?"

Sai ya yi murmushi ya miƙa masa sikelinsa daidai yadda ya kamata.

Ni kuwa dako na yi a sito shekara talatin da biyu, ina sauke buhuna ina lodawa, har gwiwa ta ce ta gaji. Da matata ta rasu Mai Sikeli ya zo ya kwashe kayana ya ba ni ɗakin bakin ƙofa. Shi ya sa abin da zan faɗa duk a gabana aka yi shi.

Matarsa malamar firamare ce, Malama muke ce mata har shi kansa. Haihuwarsu ta fari namiji ne. Kwana goma sha ɗaya ya yi a duniya, dukkansu a asibiti, da siririyar roba a hancinsa da ake zuba masa madara. Malama tana zaune a gefensa ya cika. Tun daga nan ko a hoto ta ga yaro da roba a hanci sai ta kau da kai.

Bayan shekara uku aka sami mace. Da ubanta ya karɓe ta ya ce, "Wannan ai ɗigo ce," sai sunan ya bi ta. Ɗigo ba ta taɓa cin abinci cikin sauƙi ba. Tana jaririya in ta kama nono sai ta tsotsa kaɗan ta saki, gumi ya keto mata a goshi. Da aka fara ba ta abinci abin ya ƙaru. Cokali ɗaya na niƙaƙƙen dankali za ta ajiye a kumatu ta yi ta kallonka, ba ta haɗiye ba, ba ta tofar ba. In madara ce ko ruwa sai tari ya sarƙe ta, wani lokaci ya fito ta hanci. Ciyarwa ɗaya takan ci awa guda, a ƙarshe rabin abin yana jikin zanen Malama. Tana da shekara ɗaya da wata takwas tana sanye da rigunan 'yar wata tara. Ga ido tar, ga wayo, in na shigo ta miƙo hannu in ɗauke ta, amma ƙafafun ba su iya tsayar da ita.

Maƙwabta ba su raga wa uwar ba. Wannan ta ce a ba ta ƙwai, waccan ta ce ƙwan ne ke toshe mata ciki. Wata ta dubi Malama ta ce, "Kina can kina koyar da 'ya'yan mutane, taki tana bushewa." Ranar Malama ba ta sa komai a bakinta ba.

Wata Litinin ni na raka su awo asibiti, don an kira Mai Sikeli aiki a wani sito. Babbar nas ɗin wurin, wadda kowa ke ce wa Sista, ta tuɓe Ɗigo ta ɗora ta a sikelinsu. Ta dubi kati, ta sake duban allura.

"Kilo shida da giram ɗari shida. Wata uku ke nan tana wuri ɗaya, Malama. Ga garin madara na musamman, ki riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau takwas a rana. Ku dawo nan da mako biyu. In ta kai bakwai mu ci gaba a haka. In ba ta kai ba za mu riƙe ta, likita ya duba maƙogwaronta, mu sa mata roba ta hanci har ta yi ƙarfi."

Malama ta ce, "Za ta kai."

"Allah ya sa. Amma ko ta kai ko ba ta kai ba, ku zo."

Muna cikin mota Malama ta ƙanƙame 'yar. Ba da ni take ba, amma na ji ta: "Ba wanda zai sa wa 'yata roba ina numfashi."

Washegari Mai Sikeli ya ɗauko wani farin sikeli mai faranti daga shago, ya wanke shi, ya ɗora masa ɗan ƙaramin baho, ya mayar da allura kan sifili. Kowace safiya kafin a ba Ɗigo komai sai a tuɓe ta a zaunar da ita a ciki, Malama ta rubuta lambar da alli a bayan ƙofar ɗakinsu. Ta ɗauki hutu a makaranta.

Rana ta fari shida da ɗari shida, ta biyu ma haka. Ta uku, shida da ɗari biyar.

Ban taɓa ganin mace ta rikice haka ba. Da cokali a hannu take wuni. Ta zaunar da Ɗigo tsakanin gwiwoyinta, ta lallaba, ta yi waƙa, ta yi roƙo. "Haba uwata, ɗaya tak, don Allah ɗaya tak." Ɗigo na ganin cokali sai ta damƙe baki ta juya kai. Rana ta huɗu da hantsi Malama ta matse mata kumatu ta zuba madarar. Yarinyar ta sarƙe. Ba tari, ba kuka, idanu sun firfito, leɓe ya koma toka-toka. Mai Sikeli ya fito daga shago a guje ya kifa ta a hannunsa yana bubbuga bayanta, har madarar ta zubo ta hanci da baki, sannan kuka ya fito.

Malama ta zame ta zauna a ƙasa tana kallon hannuwanta.

"Baban Ɗigo, na kusa kashe ta. Da hannuna na kusa kashe ta."

Ya tsaya a kanta da 'yar a kafaɗa. Da la'asar na ga ya ɗauki farin sikelin ya shiga shago da shi, ya ce datti ya shiga ciki. Ban kawo komai a raina ba.

Da safe allura ta nuna shida da ɗari bakwai.

Malama ta sa aka sauke yarinyar aka sake ɗorawa. Haka dai. Ta yi dariya hawaye na zuba, ta ɗaga Ɗigo sama tana cewa, "Kawu, ka ga ƙatuwa! Ka shirya, amaryarka ta kusa fin ƙarfinka." Na ce ni da ma na fasa auren, matar da ba ta cin abinci ba za ta iya dafa mini ba. Ranar ne na ji Malama ta ci abinci har ta nemi ƙari.

Gidan ya canza. Bayan kwana biyu shida da ɗari takwas, bayan uku shida da ɗari tara. Malama ta daina bin yarinyar da cokali. In Ɗigo ta juya kai sai ta ajiye kofi ta ce, "Ƙyale ta, ai yana shiga." Sau takwas ɗin da Sista ta ce ya koma shida, ya koma biyar. Maƙwabciyar da ta yi maganar bushewa ma sai da aka jawo ta har bayan ƙofa aka nuna mata lambobin alli suna hawa.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba. Mai Sikeli yana ramewa. Yakan zauna a gaban teburinsa da sukurudireba a hannu, aiki a gabansa, yana kallon bango. Kowane kwana biyu ko uku sai ya shiga da farin sikelin shago ya ce zai goge. Na ɗauka damuwar uba ce.

Ranar Litinin ɗin komawa asibiti, allura ta tsaya a kan bakwai cif. Mai Sikeli ya riga ya sa rigar fita, ya ɗauko katin.

Malama ta ce, "Ina zuwa?"

"Asibiti mana. Yau ce ranar."

"Mu je mu yi me? Bakwai aka ce, ga bakwai."

"Mu je dai su gani da idonsu. Ai Sista ta ce ko ta kai a zo."

"Baban Ɗigo, ka san yadda wurin nan yake, yara na tari a kan juna. In kai ta ta kwaso wani abu, duk wahalar nan ta tashi a banza? Ƙarshen wata ma je, ta ƙara ƙiba." Ta karɓe katin daga hannunsa tana murmushi. "Ko sikelinsu ya fi naka ne? Duk garin nan wa ya kai ka?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Can ya cire rigar ya rataye, ya shige shago.

Mako guda bayan haka Malama ta koma makaranta rabin wuni. Da safe sai ta bar mini Ɗigo, ubanta yana leƙowa daga shago yana ba ta madara. A nan ne na fara jin abin a hannuna. A sito, kafin a ɗora buhu a sikeli nakan faɗi ko an ɗiba a ciki, kuma da wuya in yi kuskure. Na ɗauki yarinyar nan ranar Litinin, hannuna ya ce mini ta ragu. Bayan ƙofa kuwa an rubuta bakwai da ɗari ɗaya. Na ce wa kaina tsufa ne, hannun ma ya fara ƙarya. Ranar Talata na sake ɗauka, na ji ƙasusuwan bayanta ɗaya-ɗaya a tafina. Na sake yin shiru. Wannan shirun na kwana biyu nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ranar Laraba Ɗigo ba ta miƙo hannu ba da na shigo. Tana kwance a tabarma, ido rabi a buɗe. Na taɓa ƙafarta, sanyi. Ƙyallen da aka ɗaura mata tun safe a bushe yake ƙayau, ga rana ta kusa tsaka. Na sa mata cokalin ruwa a leɓe, ko juya kai ba ta yi ba. Yarinyar da ke faɗa da cokali ta daina faɗa, wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Mai Sikeli yana bakin titi yana sallamar wani mai kifi. Na shiga shago ta ƙofar gida, na ɗauko dutsen kilo biyar daga akwati, na dawo na sa shi cikin bahon farin sikeli. Karatuna ba shi da yawa, amma lambar sikeli na sani. Allura ta wuce biyar, ta tafi, ta tsaya a biyar da ɗari takwas.

Na ɗauke, ta koma sifili cif. Na sake sawa. Biyar da ɗari takwas.

Na rungumi sikelin da dutsen a ciki na kai masa har kan tebur, na ajiye a gabansa. Ya dubi allura. Bai tambaye ni komai ba, sai ya nemi kujera ya zauna.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar da ta sarƙe."

"Sau nawa?"

"Shida." Sai ya ƙara da cewa, "Kawu, da farko na ce sau ɗaya zan yi. Giram ɗari biyu kawai, hankalin uwarta ya kwanta ta daina ɗura mata. Ka ga dai abin da ya faru ranar. Na ce in hankalinta ya kwanta yarinyar za ta ci, nauyin gaskiya ya biyo baya ya cike gurbin, in mayar da sifirin ba wanda ya sani. Ranar asibiti kuma, na ce su za su faɗa mata, ba ni ba."

"Ba ta je ba."

"Ba ta je ba. Kullum na kwana da niyyar faɗa, da safe in ga fuskarta tana jiran allura..."

Mahauci ya leƙo ta ƙofar titi da sikelinsa a hammata. "A'a, taron dangi ake ba a gayyace ni ba? Mai Sikeli, wannan tsohon nawa ya fara rowa, yana ba mutane fiye da haƙƙinsu."

Na ce, "Ka dawo gobe."

Ya dubi fuskokinmu, dariyar ta ɗauke. Ya ja da baya ya tafi.

Na ce wa Mai Sikeli, "Tashi ka taɓa ƙafar 'yarka."

Ya shiga ya durƙusa a gefenta. Ya taɓa ƙafa, ya taɓa ƙyallen, ya kira ta sau biyu. Ta ɗan motsa ido. Ya ɗauke ta ya miƙe yana cewa mu tafi yanzu-yanzu, a aika wa uwarta daga baya. Kafin in ba shi amsa sai ga Malama ta turo ƙofa, jakar littattafai a kafaɗa, ayaba biyu a hannu.

"Ina ƙatuwata? Barci take har yanzu? Ai masu ƙiba haka suke." Sai ta ga yadda ya riƙe yarinyar. "Me ya faru?"

"Asibiti za mu, Malama."

"Don me? Gajiya ce kawai, jiya ba ta yi barcin rana ba. Kawo ta."

Ta karɓe ta, ta juya za ta shiga ɗaki. Na san in ta shige ta rufe ƙofa, sai dai gobe a sake magana, kuma ban san ko yarinyar tana da goben ba. Na dube shi. In bai faɗa ba ni zan faɗa, ya kuma gane haka.

"Malama, tsaya. Sikelin ƙarya yake."

Ta juyo. "Ya lalace ne?"

"Ni na taɓa shi. Ɗigo ba ta ƙaru ba. Tun farko ba ta ƙaru ba."

Ta yi 'yar dariya, irin ta wanda bai ji da kyau ba. Ta dube ni. Na shiga shago na ɗauko sikelin da dutsen a ciki na ajiye a tsakar gida, na juya mata lambar da ke kan dutsen. Malamar makaranta ce, kallo ɗaya ya ishe ta. Ayabar ta faɗi ƙasa.

Na ɗauka za ta yi ihu, ba ta yi ba. Ta ce, "Nawa ne gaskiyar?"

Mai Sikeli ya shiga ya ɗauko sikelin wani mai hatsi da ya gama gyarawa, ya gwada shi da dutse a gabanta, biyar cif. Ya shimfiɗa tawul, ya mayar da allura. Da kanta ta tuɓe yarinyar ta kwantar. Haƙarƙarin nan a fili, fatar cinya ta yi laushi ta nannaɗe. Shida da ɗari ɗaya.

"Kilo guda," ta ce a hankali. "Kilo guda na ƙarya. Ni da nake mata wanka kullum, ina gani da idona, ina ce wa kaina tsawo take yi. Na rage mata madara, Baban Ɗigo. Saboda lambarka na rage mata."

"Na sani."

"Ka sani kana kallona."

Ya miƙa hannu zai karɓi 'yar, ta kauce. Ta naɗe ta a tawul, ta ɗauko katin daga ƙarƙashin matashi, ta fita ko jakarta ba ta sauke ba. Muka bi ta. A mota ta sa kunnenta a bakin yarinyar tun daga layinmu har ƙofar asibiti.

A bakin ɗakin awo ta tsaya cak. Ta jikin gilashi ana hango ɗakin yara, da wani jariri a gadon farko da roba a hancinsa. Na ce, "Malama." Ba ta ji ni ba. Sista ce ta hango mu ta fito, ta buɗe tawul ɗin, ta ja fatar cikin Ɗigo ta saki, fatar ta tsaya a tattare. Ta karɓi kati.

"Kwana tara! Ina kuka shige kwana tara? Malama, ke da kike da ilimi?"

Mai Sikeli ya ce, "Ba ita ba ce, Sista. Ni ne. Muna auna ta a gida, na gyara sikelin ya riƙa nuna ƙari."

Sista ta dube shi daga sama har ƙasa. "Sana'arka ke nan?"

"Sana'ata ke nan."

"To Allah ya shirye ka. Ba ni da lokacinka yanzu." Ta juya ga Malama, ta sassauta murya. "Roba za mu sa, yanzu, ba anjima ba. Ba ta da ƙarfin haɗiya. Ki ba ni ita in ba za ki iya gani ba."

Malama ta ƙara ƙanƙame ta. "Wancan ma da roba ya tafi."

"Na san labarin. Wancan cutarsa daban. Wannan yunwa ce da ƙishirwa, kuma roba ce kaɗai hanyar da ta rage. Ba zan ƙwace ta ba, ke za ki miƙo."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a tsaye a wurin ba. Mata masu jiran awo duk suna kallo. Ɗigo ta yi wani ɗan ƙara, ba kuka ba, kamar na ɗan kyanwa. Malama ta ce, "Ni zan riƙe ta." Ta shiga da ƙafarta, ta zauna a bakin gado, ta riƙe kan 'yar da hannu biyu har aka zura robar aka manne ta a kumatu. Ba ta kau da kai ba.

Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, da ba wannan maganar ake ba. Bayan an yi gwaji aka gano cewa in Ɗigo ta haɗiyi abu mai ruwa, wani yana bin hanyar numfashi, shi ya sa take tsoron cokali, har ƙirjinta ya fara kamuwa. Ya ce wa Malama tun haihuwa abin yake, ba daga rainonta ba ne. Ta gyaɗa kai kawai.

Kwana takwas Malama ba ta yi wa mijinta magana ba. Ya kulle shago, kullum yana kan bencin da ke wajen ɗakin yara tun safe har a kore mu. In ya kawo abinci ni nake shigar da shi. In tana son sabulu ko kaya masu tsabta ni take faɗa wa, ni kuma in fito in faɗa masa, alhali taku biyar ne tsakaninsu. Bai taɓa cewa in roƙar masa ita ba.

Rana ta tara Sista ta ce za a sallame su da robar in yarinyar ta ƙara ƙarfi, don haka dole mutum biyu a gidan su iya ciyarwa, kada ɗaya ya yi ciwo a rasa mai yi. Ta dube ni, na nuna mata hannuwana da tsufa ya sa suke rawa. Malama ta ce, "Kawu, ce masa ya wanke hannu ya shigo."

Ya shigo kamar baƙo. Ɗigo tana jingine da matashi, idon ya dawo, tana wasa da murfin kwalba. Malama ta haɗa sirinji da bakin robar, ta zuba madara, ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

"Riƙe shi sama, daidai kafaɗarta. Kada ka matsa. Ka bar shi ya sauka da kansa, ko zai kai minti ashirin."

Ya riƙe. Hannunsa bai motsa ba har ta ƙare.

Kwana goma sha tara suka yi a asibitin, robar kuma ta yi wata biyar a hancin Ɗigo kafin a cire. Yanzu ta shekara uku da rabi. Ita ce ƙarama a cikin sa'anninta, abinci mai kauri kawai take ci, a zaune bayanta a miƙe, kuma har yau ciyarwa ɗaya tana cin minti arba'in. Ta rana ubanta ne ke yi. Sha biyu na bugawa sai ya ja ƙofar titi ya rufe, ko mutum nawa ne ke jira. Jiya wani mai hatsi ya yi ta buga ƙofa yana cewa sauri yake, motarsa za ta tashi. Mai Sikeli ya amsa masa daga tsakar gida, cokali a hannu:

"Ka yi haƙuri, saura loma shida."